Wurin Zaman Mai Zuga

Maƙerarmu ta ƙauye, can gefen Zurmi, rumfar kara ce a gindin tsamiya, kuma tun daga bakin rijiya kana jin numfashinta. Zugazugin fatar akuya ne, jaka biyu, ɗaya na tashi ɗaya na kwanciya, sai wuta ta yi ta buɗe ido tana lumshewa. Har yau in barcin rana ya fara ɗibata a kan kujera, wannan numfashin nake ji kafin komai, sa'annan ƙanshin gawayin ƙirya ya biyo baya.

Dokoki biyu ne a wurin, Baba ya gaje su hannun nasa uban. Wanda ya kawo aiki shi ke zuga, kuma ba a hura wuta sai da aiki a ƙasa. Ko mai gari ne ya zo da galma, sai ya naɗe riga ya zauna ta hannun daman wuta, ya kama bakin fatun nan. To, a nan Baba yake magana. Mutumin da a cikin gida sai ya yini bai ce uffan ba, da ƙarfe ya shiga wuta sai bakinsa ya buɗe. Ya tambayi mai aiki gonarsa, jigawa ce ko fadama, ya tambayi iyali, ya tambayi tsohonsa in yana raye, ya tsokane shi a kan rowa ko tsoron mata. Kafin ƙarfe ya yi ja an gama labarin duniya.

Ni ban taɓa samun wannan hirar ba, don ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kallon idona, in yana da magana da ni ta wurin Inna take biyowa, ko da kuwa ina tsaye a gabansa. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kowa a garinmu ya san haka, ni ma na sani. Amma sani daban, zafin abin daban. Aka kai ni Kaura Namoda karatun boko tun ina ƙarami, na zauna, na yi aure, na zama ɗan gari.

Sana'ar da Allah ya ba ni, in na faɗa wa mutane sai su gyaɗa kai su canza magana. Manhajar kwamfuta nake harhaɗawa, ina yi wa wani kamfani aiki daga ɗakina, ban taɓa taka ofishinsu ba. Manhajojin ba a kan laftof ɗina suke gudana ba, a kan wasu injina ne na haya da ke can ƙasashe masu nisa, waɗanda a sana'armu ake ce wa gajimare. Nawa aikin shi ne ƙunshi. Sai in ɗauki manhaja in haɗa ta da duk abin da take bukata don ta rayu, in rufe cikin abin da muke kira kwantena, yadda mace ke ƙulle wa matafiyi guzuri. Duk inda ka kai kwantenar nan, a kowane inji, sai ta tashi ta yi aiki kamar a gida take. Akwai kuma wata manhajar da ke kiwonsu. In ɗaya ta mutu, kafin ka ƙifta ido ta tayar da wata irinta sak, babu zaman makoki. In na gyara rubutu na tura, wani tsari ne da na gina zai gwada shi, ya ƙunshe, ya aika, ba tare da kowa ya taɓa ba. Abin da ake yabona a kansa ke nan a wurin aiki: duk inda na ga abu na jiran hannun mutum, sai na cire hannun.

Ina son aikin nan, ba zan ɓoye ba. Da yamma in na taka zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda dogo ya zo ya ƙare ciyawa ta rufe shi, sai in riƙa tunanin injinan nan da ban taɓa gani ba. Ina ganinsu a raina jere cikin wani dogon ɗaki mai sanyi, babu kowa, 'yan fitilu na ƙyaftawa, ƙunshe-ƙunshena na tashi suna kwanciya a ciki. Nakan tsaya a kan dogon har a kira magariba ban sani ba.

Amma jinin ƙira ba ya barin mutum. A bayan gida na yi 'yar rumfar kwano, na riƙa tara kayan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya: giranda, ƙaramin injin walda, injin huda, bais na matse ƙarfe, har da wani ɗan injin juyi na feƙe ƙarfe da na yi ta mafarkinsa kafin ya zo hannuna. Ban iya abin kirki ba. Ƙugiyar rataye buta, ƙafar murhu, sai kuma maƙalin da na yi wa na'urar da ke kamo mini intanet, wadda na ɗaure a kan dogon bututu saman soro, don a unguwarmu sai ka hau sama kake samun layi. Matata ta ce in dai wannan ce ƙira, gara in riƙe kwamfutata da kyau.

Da zama ya gagara a ƙauye saboda 'yan bindiga, Baba da Inna suka taho wurina. Abin da Baba ya fito da shi daga maƙera masaɓarsa ce, wato gudumar ƙira, da awartaki guda, a naɗe cikin buhu. Uwar maƙera, ƙarfen da ake bugu a kansa, tana can kafe a kututturenta, zugazugi na rataye a tsamiya. Ya tura buhun ƙarƙashin gado, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya zauna.

Zaman nan ne ya fara cinye shi muna kallo. Ba ciwo, mun kai shi an duba ba a ga komai ba. Tuwo sai ya gutsuri loma biyu ya ture kwano. Damatsan nan da na sani kamar reshen gawo suka saki, riga ta yi masa yawa. Yakan ɗora hannuwa a gwiwa yana kallonsu, sai ka ga yatsun dama na motsi su kaɗai. Wata rana da bazara ta kankama, lokacin da a da ba ya samun sararin shan fura don yawan galma da fartanya, Inna ta same ni a ɗaki ta rufe ƙofa.

"Mutumin ga," in ji ta, "in bai riƙa masaɓa ba kahin ruwa shi sauka, ba ya ganin kaka. Ni na san shi."

Tsoro ya kama ni sosai, amma tare da shi wani daɗi ya zo, don a ganina wannan matsalar irin tawa ce. Mene ne maƙera in ba abu ne da kayan da yake bukata ba? A ƙunshe ta, a tayar da ita a wani wuri, shi ke nan. Na zauna na tuno rumfar ƙauye kusurwa-kusurwa. Na samo ƙaton gindin ƙarfe wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota, na gyara fuskarsa da giranda har tana ɗaukar ido, na kafa shi a kututture. Na ɗebo yumɓu daga gulbi na gina ramin wuta, na aje kaskon ruwa inda yake zama a can. Sai na zo kan zugazugi, na yi murmushi. Tsoho, ga rauni, a garin da bai san kowa ba, a ce sai ya jira wani ya zo ya zuga masa? Na sayo ɗan injin hura iska mai lantarki, na jona shi da batirin sola, na sa masa abin murɗawa a inda hannun Baba zai kai. Wallahi ranar har rawa na taka ni kaɗai a rumfar.

Baba ya zo ya duba. Ya shafa fuskar ƙarfen, ya leƙa ramin, ya daɗe yana kallon injin. Ya ce wa Inna ta ce mini Allah ya yi albarka. Ya koma tabarmarsa.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci aiki nake ƙarawa. Na ɗauki abin yadda nake ɗaukar manhajar da ta ƙi tashi: canza abu ɗaya, ka sake gwadawa. Na ce ko tsayin kututturen ne, na rage. Na ce ko gawayin ne, na aika garin Ɗan Isa aka kawo na ƙirya. Na cire kwanon rufi na sa kara don inuwar ta yi irin ta gida. Kowane gyara Baba zai zo ya gani, ya sa albarka ta bakin Inna, ya koma. Na ce wa Inna wannan taurin kai ne kawai, mutum an kawo masa komai har gaban tabarma. Ta dube ni ta ce ai gado na yi, in daina ɗaga mata murya.

Ana haka sai ga wani dattijo a bayan babur, ya yi buɗu-buɗu, rungume da ruwan galma a tsumma. Manomin Galadi ne, tsohon abokin cinikin Baba tun zamanin da yake kai kaya kasuwar Shinkafi. Ya ji labarin inda muke, ya ce galmarsa ba ta san hannun kowa ba sai na Baba, shi ya sa ya biyo hanyar nan duk da halin da take ciki. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta canza irin na ranar ba. Ya miƙe ba tare da ya dafa bango ba, ya shiga ɗaki, muka ji ana jan buhu daga ƙarƙashin gado.

Muka shiga rumfa. Dattijon ya tuɓe takalmi, ya naɗe riga, ya zauna a ƙasa ta hannun daman wuta, ya miƙa hannuwa biyu gabansa yana laluben abin da ba ya nan. Ni kuwa ina ta zumuɗi, na ce masa ya huta, zamani ya zo. Na murɗa.

Injin ya ɗauki kuka, wuta ta tashi fara fat, kyakkyawa, ba ta lumshewa. Dattijon ya buɗe baki ya ce wani abu, ba wanda ya ji. Baba ya ce wani abu, shi ma ya bi iska. Mutumin ya ɗora hannuwa a cinya, ya sauke, ya harɗe su a ƙirji. Can ya ga zaman ba shi da dalili, ya tashi ya tsaya a bakin rumfa, daga nan ya sulale zaure wai zai sha ruwa. Baba ya zaro ƙarfen ya ɗora, ya buga kaɗan, ya waiga dama. Ya sake bugawa, ya sake waigawa. Sai ya aje masaɓa ya bar ƙarfen ya yi baƙi a gabansa, ya yi mini alama da hannu in kashe.

Inna na tsaye a bakin rumfa da kwanon fura. Baba ya dube ta, ba ni ba.

"Tambaye shi," ya ce, "mai aiki, ina za ya sa hannunai?"

Dattijon ya kwana biyu a wurinmu, ya kai galmarsa wurin masu walda a kasuwa suka liƙe masa, ya koma. Baba ya daina ko gutsurar tuwon, sai kunu.

Na koma gaban allon kwamfutata ina huci. Ranar akwai sabon aiki da muka saki, ina zaune ina kallon layukan rubutu na gangarowa, kwantena na mutuwa wata na tashi, komai na tafiya daidai ba mai taɓawa. Kullum wannan kallon daɗi yake mini. Ranar sai ɗakin nan mai sanyi ya dawo mini a rai, na riƙa yawo a cikinsa ina duba tsakanin injina, ina neman inda mutum zai zauna, ban samu ko 'yar kujera ba. Na tuna hannuwan dattijon a iska. Duk abin da na tuno na rumfar ƙauye na kawo shi, ƙarfe da yumɓu da inuwa, sai mutumin da ke zaune a dama ne na ɗauka matsala ce na gyara.

Na yi waya Galadi. Dattijon ya samo fatun akuya wurin wani baduku da ya san ɗinkin zugazugi, ya ba direba ya kawo. Inna ta zauna ta shafe su da mai tana murzawa har suka yi laushi, ni kuma na cire injina na gina hancin yumɓu inda iska za ta bi. Da na gwada, numfashin nan ya fito, na ƙuruciyata sak. Na zauna ina ta zugawa a ramin da ba wuta, ina jiran in ji takun Baba.

Bai zo ba. Inna ta kawo amsa: ya ji, ya gode, amma ba a hura wuta sai da aiki a ƙasa, kuma ɗan gida ba mai aiki ba ne. Na ce to a ina zan samo masa mai aiki? Manoma duk sun gyara kayansu, gabas ta fara haɗa baƙi kowace yamma, a Kaura kuma wa ya san shi? Na yi niyyar in ba wani galma in ce ya kawo, Inna ta ce kada in soma, tun daga riƙon da mutum zai yi mata zai gane ba tasa ba ce. Kwanakin nan Baba ko zaure bai cika fita ba. Ina wucewa ta ƙofar ɗakinsa in ga ƙafafunsa a miƙe, sirara, sai in kau da kai.

Hadarin farko ya taso da la'asar, iska ce zalla, ruwan ɗan yayyafi. Ta ɗauke mana tabarmi, ta kayar da randa, sai na ji ƙara a saman soro. Da ta lafa na hau, na tarar bututun ya kwanta, na'urar intanet na reto a jikin waya. Maƙalin nan da na yi da hannuna ya ɓalle daidai inda na yi waldar. Matata ta leƙo daga ƙasa ta ce ai ta faɗa.

Washegari da hantsi ina da taro da mutanen wurin aiki, ga manhajar da muka saki tana bukatar ido. Na sauko da gutsattsarin biyu na shiga rumfa, na jawo injin walda, gyaran da ba zai ɗauke ni komai ba. Har na ɗauki abin kare ido. Sai na tsaya ina kallon ƙarfen nan a tafin hannuna. Abina ne, ya karye da gaske, kuma ina bukatarsa.

Na tura wa abokan aiki saƙo ta waya cewa yau ba za su gan ni ba. Na naɗe gutsattsarin a tsumma, na fita ta ƙofar gida, na zagaya ta lungu, na dawo ta ƙofar baya da ke fuskantar rumfa. Na tsaya na yi sallama da ƙarfi, irin ta baƙo, na ce ko maƙerin na nan, an kawo aiki. Kunya kamar ta kashe ni, maƙwabciyarmu na leƙe ta katanga. Na sake sallama. Na tuɓe takalmi, na naɗe riga, na zauna ta hannun dama, na aje ƙunshin a ƙasa.

Na daɗe a zaune. Ƙasa na ƙanshin yayyafin jiya, kaji na tono a gindin kututture, gizagizai farare na wucewa ta tsakanin karan rufi a hankali. Har na fara lumshe ido, rumfar ta riƙa koma mini ta gindin tsamiya, ina jin guga na bugun bakin rijiya. Sai na ji ana jan ƙafa.

Ya zo dafe da bango, masaɓa a hannu ɗaya. Ya zauna a mazauninsa da ƙyar, ya jawo ƙunshin ya kwance, ya juya gutsattsarin. Sa'annan ya ɗago ya dube ni, cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Mai aiki," ya ce, "wa yay yi maka wagga ɓarna?"

Na ce wani maƙerin birni ne. Ya ce Allah ya shirye shi. Inna ta kawo garwashi a marfin kwano ta zuba a ramin, ta koma. Na kama bakin fatun na fara.

Ashe zuga ma aiki ce. Kafaɗuna suka ɗau zafi tun ba a je ko'ina ba, iskar na fita a karkace, ya ce ko tuwo ban ci ba ne. Da hannuna ya daidaita, wuta ta fara buɗe ido tana lumshewa, sai bakin Baba ya buɗe. Ya tambaye ni abin da ƙarfen zai riƙe, da nauyinsa, da ta inda iska ke bugunsa. Ya tambaye ni sana'ata, na yi masa bayanin ƙunshi da injinan nesa da mai kiwonsu, yana saurare yana juya ƙarfe, ya ce to wanda ya mutu ɗin, ba a ko tambayar me ya kashe shi? Na ce ana tambaya, in an samu sarari. Ya yi dariya, ni ma na yi. Ya tsokane ni a kan tsoron mata, ya ce labari ya iske shi. Bugun nasa ba ƙarfi kamar da, yana yi yana hutawa, maƙalin ma da aka gama a ɗan karkace ya fito, har yau haka yake a saman soro. Ni dai ina ta zuga, ba na so ƙarfen ya yi saurin yin ja.

Ya bi tambayoyin nan nasa ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi wa kowa, gida da iyali da yara. Na san wadda ke tafe tun kafin ta iso. Ya mayar da ƙarfen cikin wuta, idonsa a kan garwashi.

"Tsohonka fa, yana raye?"

Na ce yana raye. Na ce amma ba ya cin abinci, duk ya tayar mana da hankali, ni kuma ban san yadda ake yi masa magana ba.

Ya gyara gawayi da bakin awartaki. Hawaye suka taho mini, hannuwana biyu na cikin aiki, ba halin sharewa, na bar su suka gangara.

"Ka ce mai shi ci," in ji Baba. "Ka ce maƙeri ya ce a dama mai hura, da nono mai yawa. Zuga, wutarka na mutuwa."